Kwalin Talabijin

Mijina ya sayi talabijin ne a shekarar da ko buta mutum ya saya a garinmu sai ya goga mata ƙasa kafin ya shigo da ita gida.

Sunansa Tasi'u, amma ni Baban Saliha nake ce masa, sai in raina ya ɓaci in ce "kai". Ni ce Huraira. Ƙauyenmu yana can bayan Randagi, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar ta babur, daji kuma ga shi nan kusa, da an wuce gonakin dawa an shiga. Tun da mutanen daji suka fara ɗaukar mutane ba sa saki sai an biya, muka koyi wata sana'a da ta fi noma wuya, wato nuna talauci. Ba wanda ya san kunnen wa ke kwasar zance yana kai musu. Abin da kowa ya sani shi ne, ranar da aka ce kana da abu, ranar ka shiga layi.

Saboda haka in mutum ya sayi sabon babur, sai ya tsaya a rafi ya yaɓe shi da laka, ya fasa madubi ɗaya da hannunsa, yana fasawa yana salati. Sabuwar atamfa sai mun wanke ta da toka mun shanya a rana har ta koɗe sannan mu ɗaura. In za ki soya nama sai ki jefa barkono a wuta, gara maƙwabta su yi tari da su ji ƙamshi. Kowa rumbunsa cike, amma ka tambaye shi amfanin gona, sai ya langaɓe kai ya ce, "Bana kam sai addu'a." Nababa mai shayi, da Allah ya yi shi da ƙiba tun yana goye, shi ya fi kowa shan wuya, don kullum sai ya yi wa mutane bayani cewa kumburi ne, likita ma ya gani.

A cikin wannan hali Baban Saliha ya kai waken suya kasuwar Birnin Gwari, ya sami ciniki mai kyau, Shaiɗan kuma ya bi da shi ta gaban shagon masu kayan lantarki. An kunna wani ƙaton talabijin a bakin shago, ana tallar shi kansa talabijin ɗin a cikinsa. Wani mutum ne cikin farar shadda ya kishingiɗa a kujera, matarsa da 'ya'yansa suna ta dariya ba dalili, maƙwabta kuma sun taru a taga suna leƙe baki buɗe. Da yake ba ni labarin daga baya, na lura bai damu da kujerar ba, bai damu da matar ba. Maƙwabtan nan na taga ya yi ta maimaitawa.

Ya iso gida bayan azahar a bayan ɗan acaɓa, rungume da wani abu mai faɗi da aka naɗe da zana aka ɗaure da igiya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce tsohon ƙyaure ne wani ɗan'uwa ya ba shi sadaka. Da ya shigo ɗaki ya kwance, na ga kwali mai hoton aku kore da ja, ya fi tabarmar sallata tsawo.

"Baban Saliha, kashe mu za ka yi?"

"Ke dai ba ki san ci gaba ba. Wa zai sani?"

"To in ba wanda zai sani, me ka saya?"

Sai ya shiga neman ƙusa.

Sauran kayan a hankali ya riƙa shigo da su. Batir da farantin sola a buhun dusa suka zo. Dish ɗin kama tashoshi ne ya ƙi shiga buhu, sai ya ɗauko shi a ka yana ce wa mutane kasko ne, wai ni zan fara tuyar ƙosai. Washegari da safe Mama Rebecca, matar maƙwabcinmu, ta leƙo da kwanonta tana neman ƙosai, dole na ce mata wake bai jiƙu ba. Mai shagon ya koya masa yadda ake saita dish, sai ya kafa shi a ƙasa bayan rumbu ya yi ta juyawa, ni ina ɗaki ina gadin allo. Ba halin in ɗaga murya in ce ya kawo, don haka muka yi da shi in hoto ya fito in yi tari. Na yi tari har maƙogwarona ya yi tsami kafin ya tsaya daidai. Da rana nakan rufe dish ɗin da tabarma in shanya kuɓewa a kai, kazata kuma ta gano wurin ta mai da shi gurbin ƙwai.

Talabijin ɗin ya rataye shi a bangon ɗakinmu ya saya masa labule. In za mu kalla sai a sa sakata, a rage murya har sai mun matsa kusa mun kusa goga masa hanci, ni da shi da 'yarmu Saliha, wadda aka ce mata in ta faɗa wa wani, akun nan na kwali zai fito ya ciji harshenta.

Abin yana da daɗin kallo, ba zan ɓoye ba. Amma shegen abu ne. Kafin ya zo ban san tukunyata baƙa ce ba, tukunya dai ce ina dafa tuwo. Ban san akwai matan da ke danna maɓalli barkono ya markaɗu da kansa ba, suna murmushi da jan farce, ba sa ko atishawa. Na fara kallon dutsen niƙana kamar shi ya yi mini wani laifi. Saliha ta daina shan koko, wai ita sai shayin gwangwani irin na yaran nan da ke tsalle su taɓa sama. Shi kuwa uban gayya turare ya maƙale masa, wani mai baƙar kwalba da in aka fesa ƙofofi ke buɗewa da kansu, mata suna waiwaye. Na ce masa ya saya mana, amma kafin ya fita sai ya bi ta turken awaki ya ɗan yi birgima.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jifan mijina ba sai da talabijin ya shigo. Wata rana na ajiye masa tuwo a kwanon samira, ya dube shi, ya dubi allo, ya ce ga yadda matan kirki ke kawo wa mazajensu abinci a farantin tangaran, har da ɗan ganye a gefe. Muciya ce a hannuna. Ta goge masa kunne ta bugi bango dab da allon. Mu biyu muka zabura muka yi kan talabijin muna shafa shi muna dubawa, kunnen kuwa sai can da yamma muka tuna da shi. Duk faɗan nan da raɗa muka yi shi, saboda maƙwabta.

Ranar da asiri ya kusa tonuwa, na tafi rijiya da la'asar na bar shi yana kallon fim ɗin Turawa masu harbe-harbe. Ya gyara zama ya danne rimot da mazaunansa, murya ta haye har ƙarshe. Ina jan guga sai na ji bindiga ta tashi a tsakiyar unguwa, ba ƙaƙƙautawa. Kafin in waiwaya gari ya fashe, mata da yara da awaki kowa ya nufi gonakin dawa. Shi kuma da ya lalubo rimot ya kashe, ya ji gudun mutane, sai ya gane in ya zauna a gida za a tambaye shi dalili. Ya suri Saliha ya fito, ya wuce ni a bakin rijiya yana ihu, "Sun zo! Sun zo!" Muka kwanta a cikin dawa har magariba, Mama Rebecca a gefena tana ta addu'a. A masallaci ma shi ya ba da shaida cewa ya gan su da idonsa, da baƙaƙen rawuna. Sai da muka koma ɗaki ya gaya mini gaskiya. Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma na yi kuka na sosai, domin na ji mijin Mama Rebecca, Baba Joshua, bai iya gudu ba saboda ciwon gwiwa, a akurkin kaji ya cusa kansa har aka dawo.

Wannan firgicin ne ya sa Baban Saliha ya tsani kwalin. Mai shago ya ce a ajiye shi saboda garanti, muka cusa shi ƙarƙashin gado, amma gefensa kullum yana leƙowa, duk matar da ta shigo sai in zauna a bakin gadon in baza zane. Sai ya yanke shawara. Bayan sallar asuba ya naɗe shi ya kai kwarin bayan makaranta ya jefar, ya dawo yana karkaɗe hannu. Kafin hantsi akun nan kore da ja yana ƙyauren Baba Joshua, yana kallon hanya.

Baba Joshua dattijo ne Gbagyi, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ne mutum guda a garin da ba ya buƙatar wanke riga da toka, don tasa da kanta ta koɗe. Yana da ɗa, Benjamin, mai gadi a Abuja, wanda ba ya aiko da komai sai gaisuwa. Gara ta cinye masa rabin ƙyauren zaure, ya je kwari neman itace ya tsinci kwali mai kauri, ya gode wa Allah ya zo ya buga shi da ƙusa. Da Mama Rebecca ta ce ya juya hoton ciki, ya ce tsuntsu mai kyau haka ba a kifa shi.

Kafin azahar labari ya gama gari cewa Benjamin ya aiko wa ubansa da talabijin. Baba Joshua ya rantse ba shi da shi. Matsalar ita ce a garinmu duk mai abu rantsuwa yake yi ba shi da shi, don haka yana rantsewa mutane suna gyaɗa kai suna murmushi. Ya ce su shigo su duba. Suka shiga suka ga gadon kara da tukwane da fitilar da ba batir, suka fito suna cewa kai, tsohon nan ya iya ɓoyo. Wani ya ce ai dabara ce ta manya, ka manna kwalin a waje don a ce ba mai hankalin da zai yi haka in da gaske yana da shi. Aka yarda Baba Joshua ya fi kowa wayo a garin.

Da farko abin ya dame shi, daga baya ya fara yi masa daɗi. Nababa ya riƙa ƙara masa madara a shayi ba a tambaya ba. Samari suna durƙusawa su gaishe shi su tambaye shi wa ya ci ƙwallo jiya, shi kuma sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni ina zan sani?" su bushe da dariya su ce Baba ke nan. A taron gari mutum ya tashi ya ba shi kujera. Mama Rebecca ta ce mini har tafiyarsa ta canza, ya fara jingina sandarsa a kafaɗa.

Baban Saliha kuwa ya rame. Yakan dawo daga teburin shayi ya jefar da hula ya ce, "Kwalina ne fa, Huraira! Da wakena na saya!" Ya fara sakin zance a wajen Nababa, yana faɗin wanda ya ci ƙwallo da yadda aka ci, yana ba da labarin ambaliyar wata ƙasa kafin rediyo ta faɗa. Suka dube shi da sha'awa suka ce, "Tasi'u ka more, maƙwabcin mai talabijin. Ashe yana barinka ka leƙa?" Ranar ko tuwo bai ci ba.

Ni ba wannan ne ya hana ni barci ba. Na ce masa kunnen da ke jin zancen nan a teburin shayi shi ne ke kai shi daji.

"Haba," ya ce, "su ma sun san Baba ko akuya ba shi da ita."

"Kai da a daji kake aka kawo maka labarin, za ka yarda kwali ne kawai?"

Ya daɗe yana murza rimot a hannu. Sai ya tashi ya tafi gidan Baba Joshua, ni kuma na maƙale a jikin katanga, don akwai wata kafa da muke miƙa wa juna gishiri ni da Mama Rebecca.

"Baba, kwalin nan ya kamata a cire shi. Zamani ba kyau."

"Ya tsare maka hanya ne?"

"A'a. Ni zan kawo maka sabon ƙyaure, na langa-langa."

"Sabon ƙyaure? Kana so a ce ina da kuɗi?"

"To ai yanzu ma abin da ake cewa ke nan, Baba."

Tsohon ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Tasi'u, ɗana, a garin nan aka haife ni, a nan gashina ya yi fari. Ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni kujera sai da tsuntsun nan ya zo. Ni ban yi wa kowa ƙarya ba, Allah ya gani, kullum ina faɗa musu ba ni da komai. Ka bar ni in ɗan zauna a kujerar."

Kalma ɗaya ta rage wa mijina ya faɗa, cewa kwalin daga ƙarƙashin gadonsa ya fito. Na ji yana gyaran murya, na ji ya ja numfashi. Sai ya ce, "Allah ya ba mu alheri, Baba," ya dawo gida. Ban yi masa gori ba, domin ni ma da ni ce a wurin ban san ko zan faɗa ba.

Mutanen daji sun zo wata rana da hantsi, ina tsakar gida ina tankaɗe. Wannan karon ba harbi, ƙarar babura ce kawai, da yawa, irin wadda ba ta 'yan acaɓa ba. Gari ya watse ya nufi dawa. Mu ba mu samu fita ba, domin a ƙofar Baba Joshua suka tsaya, ƙofarmu kuma tana gefe. Muka durƙusa a bayan rumbu kusa da katanga, na toshe wa Saliha baki, na sa ido a kafar gishiri.

Babbansu ba zai girmi ƙanina ba. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, da baƙin gilashi, da agogo a kowane hannu, ƙafarsa kuma cikin farin takalmi mai igiya, irin wanda ake talla kafin labarai. Na gane shi sarai, don Baban Saliha ya taɓa cewa zai yi masa kyau. Bindigar tana rataye a wuyansa kamar jakar makaranta. Suka fito da tsofaffin biyu tsakar gida.

"Tsoho, fito da shi."

"Ɗana, kwali ne. Ubangiji shaida ne kwali ne kawai, a kwari na tsince shi."

Suka yi dariya. "Haka kowa ke cewa."

Suka shiga ɗaki suka watso tukwane da tabarmi, suka kifar da gadon kara, suka leƙa rumbu da akurki. Ɗayansu ya fito yana karkaɗe riga ya ce wallahi an faɗa musu tsohon ya iya ɓoyo. Mai gilashin bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya gindin bindiga ya buga wa Baba Joshua a fuska. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Tsohon ya zube, Mama Rebecca ta faɗa kansa tana kiran sunan Yesu.

"Ku ɗora tsohuwar a babur. In ɗanka na Abuja ya tuna inda aka ajiye shi, ka zo ka karɓe ta."

Baban Saliha ya miƙe. Na riƙe masa gefen riga da hannu biyu, na nuna masa Saliha da ido.

"Kwalina ne, Huraira," ya ce a hankali, ya ɓamɓare yatsuna.

Ya shiga ɗaki ya yaye labule, ya fito da talabijin a ka, ya zagaya ta ƙofa. Na koma kafar katanga.

"Ga shi nan. Nawa ne. Tsohon nan ko rediyo ba shi da ita, ni na jefar da kwalin ya tsinta."

Mai gilashin ya cire gilashi ya matso, ya taɓa allon da ɗan yatsa, ya ga ya bar shaida, sai ya goge da hannun rigarsa a hankali. Waɗanda suka riƙe Mama Rebecca suka sake ta suka taho kallo.

"Yana kama ƙwallo?"

"Har na Turai."

"Indiya fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Da fassara ma."

Allah ya shirya mini mijina. Tun da ya sayi abin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa komai a kansa, sai ga mutane sun kewaye shi suna tambaya. Ya shiga bayanin tashoshi, da yadda batir ke kai wa har dare in rana ta yi kyau, da maɓallin da ba a so a danna. Suka raka shi gidanmu ya ɗauko sola da batir, suka gan ni a bayan rumbu ba su ko kula ni ba. Ya yaye tabarmar kuɓewata ya kwashe ƙwan kaza ya ajiye a gefe, ya kwance dish ɗin.

"Wa ya saita maka?" mai gilashin ya tambaya.

Ina tsugune ina roƙon Allah ya ce wani ne daga Birnin Gwari, ya ce wani ne daga Kaduna, ya ce aljani ne.

"Ni da kaina," ya ce, har da ɗan buga ƙirji. "Ba kowa ke iyawa ba."

"Madalla. To hau."

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta koma ta yaron da ya fasa tulu. Na fito ba mayafi na zube a gaban takalman nan farare ina roƙo, na ce su ɗauki rumbun gaba ɗaya.

"Hajiya, kwantar da hankalinki," ya ce. Ba a taɓa ce mini Hajiya ba sai ranar. "In hoto ya fito zai dawo. Ku kullum kuna ɗaki kuna kallon duniya, mu muna can muna kallon itace. Mu ba mutane ba ne?"

Suka ɗora shi a bayan babur, talabijin a cinyarsa ya rungume da hannu biyu. Hanyar daji ta gefen gonakin dawa ta bi, inda duk garin ke kwance. Na bi su da gudu har ƙarshen unguwa. Ina gani kawuna suna ɗagowa daga cikin karan dawa ɗaya bayan ɗaya, rana tana walƙiya a kan allon. Wallahi da idona na ga ya gyara zama ya miƙe baya, har ya saki hannu ɗaya ya daidaita hula. Ban taɓa ganin mijina ya yi girma kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba.

Da yamma gidanmu ya cika da masu jaje. Mata suna shiga ɗaki su yi mini sannu, idonsu yana kan ƙusar bango, suna auna faɗin wurin da hannu. Nababa ya tsaya a zaure yana ce wa maza shi dama ya daɗe da zargi, Tasi'u ba ƙaramin mutum ba ne. Baba Joshua bai shigo ba. Da kumburarriyar fuskarsa ya ɓamɓare kwalin ya cinna masa wuta a bakin hanya, ya bar ƙyauren da ramin gara, ya jawo dutse ya zauna a ƙofar gidanmu yana fuskantar daji. Kullum nan yake wuni, in na kai masa ruwa ba ya iya kallon idona.

An kwana biyu sai aka aiko in je tudun makaranta, inda waya ke kamawa, za a kira. Na tsaya a rana da wayar a kunne har ta yi ƙara. Muryarsa ce, ta dushe, a bayansa ina jin ihun masu kallon ƙwallo. Ya ce hoto ya fito tun ranar, amma sun ce iska tana juya dish, sai ya ɗan ƙara zama. Ya ce yana cin abinci. Ya tambayi Saliha, ya tambayi fuskar Baba.

"Huraira."

"Na'am."

"Mutane sun gani kuwa? Me suka ce?"

Na buɗe baki in zage shi, kuka ya riga zagin fitowa.

"Sun gani, Baban Saliha. Kowa ya gani. Ka dawo gida."

Wani ya yi magana a kusa da shi, aka karɓe wayar.